Littattafan yara na 'yan asalin Kanada da Amurka: a bai wa yaranmu yanzu ko a jira su girma?

Maman Ilham, Winnipeg:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema daga iyaye da malaman da ke wannan zaure. A nan Kanada, duk ƙarshen watan Satumba yara kan sa riga ruwan goro domin tunawa da 'ya'yan 'yan asalin ƙasar da gwamnati ta raba da iyayensu ta kai makarantun kwana. A makon ne malamai ke karanta wa ɗalibai littattafai a kan abin da ya faru. Ajin 'yata mai shekara bakwai an karanta musu When We Were Alone na David A. Robertson, ɗan ƙabilar Cree da ke zaune a garin nan, wanda Julie Flett ta zana wa hotuna. Tun daga ranar yarinyar ke tambayata ko ita ma za a iya zuwa a ɗauke ta. Babanta na ganin an ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta. Ni kuwa da na karanta littafin sai na ji ina son in ƙaro mata irinsa, domin 'ya'yan waɗannan mutane su ne abokan zamanta a aji. Waɗanda suka san irin littattafan nan, me kuke gani?

Baban Walid, Kaduna:
Wa alaikumus salam. Ni dai ina bayan maigidanki, Maman Ilham. Yaro ɗan shekara bakwai tatsuniya ta dace da shi, abin da zai sa shi dariya ya yi barci da daɗi. Tambayar da ta yi miki ta isa hujja: tsoro ya shiga zuciyarta. Kuma wannan tarihi ne tsakanin Turawan ƙasar da mutanen da suka tarar. Ku baƙi ne, neman ilimi da abinci ya kai ku. Idan ta kai sakandare ta karanta, lokacin hankalinta zai ɗauka.

Malama Hajara, Zariya:
Baban Walid, ina koyar da 'yan firamare, kuma na taɓa riƙe littafin a hannuna, don haka bari in faɗi abin da ke ciki kafin a yanke masa hukunci. Babu duka a ciki, babu gawa. Yarinya ce ke taya kakarta aiki a lambu tana yi mata tambayoyi. Me ya sa kike son tufafi masu launi? Kaka ta ce a makarantar da aka kai su kaya iri ɗaya aka sa musu, to idan lokacin zubar ganye ya zo, suka samu babu mai ganinsu, sai su yi birgima cikin ganyayen da suka zuba don jikinsu ya yi launi. Me ya sa gashinki dogo? Saboda an yanke musu shi, su kuma sai su kitsa ciyawa a kansu. Haka ta tambaye ta dalilin da take magana da Cree, da dalilin da ba ta rabuwa da ɗan uwanta. Kowace amsa tana da ɗaci a farko, amma ƙarshenta dabarar da yaran suka yi ce don kada su manta ko su waye. Kuma mai ba da labarin tana raye, ga jikarta a gabanta, ga harshenta a bakinta. Yaro yana ganin wannan tun shafin farko.

Littafin ya fito a 2016, ya ci lambar yabon Gwamna Janar na Kanada a 2017. Ba da ka aka rubuta shi ba. Hukumar gano gaskiya da sasantawa ta ƙasar ta miƙa rahotonta a 2015 da buƙatu 94, cikinsu har da a koyar da wannan tarihi tun daga ƙananan azuzuwa gwargwadon shekarun yaro. Yara kusan 150,000 aka bi da su ta waɗannan makarantu, waɗanda gwamnati ke biya coci-coci ke gudanarwa, kuma sai a shekarun 1990 aka rufe na ƙarshe. Wato wasu daga cikin waɗanda abin ya shafa ba su wuce sa'o'inmu ba. Ta yaya za a ce wa jikokinsu su jira sakandare kafin a ambaci abin da ya faru a cikin gidansu?

Maman Ilham, Winnipeg:
Wallahi haka ne, Malama. Ƙawar Ilham ta kusa kakarta ta yi irin makarantar.

Abban Sadik, Toronto:
Ƙarin bayani kaɗan. Rigar ruwan goron ta samo asali ne daga Phyllis Webstad, wadda kakarta ta saya mata sabuwar riga mai wannan launi tana shekara shida, ranar farko a makaranta aka tuɓe mata ba a sake ba ta ba. An fara tunawa da ranar a 2013. Gwamnatin tarayya ta mai da 30 ga Satumba ranar ƙasa a 2021, bayan wata al'umma a Kamloops ta sanar cewa na'urar hango ƙarƙashin ƙasa ta nuna alamun da ake zaton kaburbura ne kusan 200 a harabar tsohuwar makaranta. A 2022 Fafaroma Francis ya zo Alberta ya nemi gafara. Maganar baƙunta kuma, Baban Walid, ba na jin za ta tsaya. Yaran da muka haifa a nan da fasfon ƙasar suke yawo, gobe su ne za su yi zaɓe. A Winnipeg ma musamman, inda 'yan asali suke da yawa, baƙon da bai san tarihin nan ba abin da idonsa zai fara gani shi ne masu kwana a titi da masu shaye-shaye, sai ya ɗauki raini ya kai gida. Na ji irin maganganun a bakin 'yan uwanmu, kuma yara na saurare.

Anti Binta, Minneapolis:
Ni damuwata daban ce da ta kowa. Ina aiki a ɗakin karatu na unguwa, kuma abin da nake gani shi ne iyaye da malamai ba sa neman littattafan nan sai lokacin juyayi ya zo. Yaron da bai taɓa haɗuwa da ɗan Cree ko Ojibwe a littafi ba sai yana kuka, zai tashi da tausayinsu amma ba zai ɗauke su tsaransa ba. Su kansu marubutan sun daɗe suna kokawa da wannan. Don haka, Maman Ilham, idan za ki ƙaro, ki gauraya.

Ki nemi Fry Bread na Kevin Noble Maillard, ɗan Seminole, malamin shari'a ne a jami'a. Ya fito a 2019. Labarin wani abinci ne na fulawa da ake soyawa a mai, kusan kamar fankenmu, da yadda dangi ke taruwa a kicin ana kwaɓawa ana hira. Abin da ya fi burge ni shi ne hotunan: cikin dangi ɗaya ga baƙi, ga fari, ga mai jan gashi, ga mai murɗaɗɗen gashi, kuma duk 'yan asali ne. Yaron da fim ya koya wa cewa ɗan asalin Amurka mutum ne mai gashin tsuntsu a ka yana bisa doki, nan take zai ga ba haka ba ne. A bangon ciki an jera sunayen ɗaruruwan ƙabilu, domin waɗanda gwamnatin Amurka ta amince da su a hukumance ma sun haura 570, kowace da tarihinta. Ga babba kuma akwai bayani a ƙarshe: abincin ya samo asali ne daga lokacin da aka kori mutane daga ƙasarsu aka riƙa ba su rabon fulawa da gishiri da kitse. 'Yan ƙabilar Navajo suna danganta shi da doguwar tafiyar da soja suka tilasta musu a 1864. Har yau akwai 'yan asalin da ke ƙin sa saboda wannan tarihi da kuma ciwon suga, akwai masu ganin shi ne ɗanɗanon gidan kaka. Yaro zai ji daɗin labarin ba tare da an kai shi can ba, ranar da ya tambaya kuma amsar na nan.

Tun 2021 kamfanin HarperCollins yana da sashen littattafan 'yan asali mai suna Heartdrum da Cynthia Leitich Smith, 'yar Muscogee, ke taimakawa wajen zaɓo masa littattafai. Mafi yawansu a kan yaran yau ne, masu waya a hannu, masu rigima da ƙannensu.

Malam Habibu, Kano:
Jazakumullahu khairan. Akwai ɓangaren da ba a taɓo ba, kuma a wurina shi ne gaba. Mutanen nan suna da nasu abin da suka yi imani da shi game da ruwa da ƙasa da dabbobi da ruhin kakanni. Ƙanwata a Amurka ta turo min hotunan wani littafi, We Are Water Protectors, inda ake cewa ruwa abu ne mai tsarki, ana kuma ba da labarin wani baƙin maciji da magabata suka yi hasashen zuwansa. Yaron da bai gama sanin tauhidi ba, idan aka cika masa kai da wannan cikin hotuna masu kyau, wa zai tace masa? Ba ina cewa a ƙi mutanen ba ne. Zaluncin da aka yi musu zalunci ne, kuma Musulmi ba ya goyon bayan azzalumi ko a kan wa. Amma tausayi daban, aƙida daban.

Anti Binta, Minneapolis:
Malam, tambayarka a kan hanya take, ba zan raina ta ba. Ga abin da na sani game da littafin. Carole Lindstrom ce ta rubuta, 'yar Ojibwe, Michaela Goade 'yar Tlingit ta zana, kuma a 2021 ta zama 'yar asali ta farko da ta ci lambar Caldecott, babbar lambar masu zanen littattafan yara a Amurka. Baƙin macijin bututun mai ne. Littafin ya taso daga zaman dirshan da aka yi a Standing Rock a 2016, lokacin da mutanen Sioux suka ƙi a ratsa da bututun Dakota Access ta ƙarƙashin kogin Missouri, kusa da inda suke shan ruwa. Eh, akwai imaninsu a ciki, ba su ɓoye ba. Amma yaron da ke makaranta a nan yana cin karo da Kirsimeti da labaran gumakan Girka tun yana aji ɗaya. Tacewar aikin uwa da uba ne, kuma ba a yin ta sai an zauna an karanta tare. Ni nakan ce wa nawa: wannan shi ne abin da su suka yarda da shi, mu kuma mun san Allah ne Ya halicci ruwa Ya rayar da kome da shi, Ya hana mu ɓarna a bayan ƙasa. Daga nan hira ta buɗe.

Malam Habibu, Kano:
Idan za a zauna da yaron kamar yadda kika ce, Hajiya, ban ƙi ba. Abin da nake gani shi ne iyaye da yawa miƙa littafi suke yi su koma kan waya.

Malama Hajara, Zariya:
Wannan kam gaskiya ce, Malam, kuma ba littattafan waje kaɗai ta shafa ba.

Zainab, ɗalibar jami'a, Abuja:
Iyayena ku yi min afuwa in sa baki, tunda har yanzu na ƙananan yara ake ta magana, ni kuma na matasa na karanta. Firekeeper's Daughter na Angeline Boulley ya fito a 2021, ya ci lambar Printz ta littattafan matasa a 2022. Budurwa ce 'yar shekara goma sha takwas mai suna Daunis a arewacin Michigan. Uwarta Baturiya ce daga gidan masu hali, ubanta ɗan Ojibwe. Dangin uwa ba su so haɗin ba, sunan uban bai shiga takardar haihuwarta ba, saboda haka ba ta cikin rajistar ƙabilar duk da cewa a cikinsu ta tashi, tana jin harshen, tana bin gwaggonta da tsofaffi. A can zama ɗan ƙabila har da takarda, wasu ƙabilun ma sai an lissafa kason jinin da mutum ya gada, tsarin da hukumar Turawa ta shigo da shi. Mamata Bayarabiya ce, babana Bahaushe, kuma ban taɓa karanta littafin da ya kama yadda ake ji idan kowane ɓangare na yi maka kallon na ɗaya ɓangaren ba sai wannan.

Amma don Allah kada a saya wa 'yar shekara goma sha biyu. Akwai safarar ƙwaya a ciki, akwai kisa, akwai fyaɗe, akwai soyayyar da ta wuce iyakar tarbiyyarmu. Marubuciyar ba don ado ta sa su ba, tana nuna yadda ake cutar matan 'yan asali a rasa mai hukunta mai laifi saboda sarƙaƙiyar hurumin kotun ƙabila da ta tarayya. Ga 'yan shekara tara zuwa goma sha biyu, I Can Make This Promise na Christine Day ya fi dacewa. Yarinya ce ta tsinci akwati a gidansu da hotunan wata mata mai kama da ita, daga nan ta gano cewa mamarta tun tana jaririya aka raba ta da mahaifiyarta aka ba Turawa riƙo. Irin wannan ne ya sa Amurka ta yi doka a 1978 da ke fifita dangi da ƙabila wajen riƙon yaro, kuma a 2023 Kotun Ƙoli ta tabbatar da ita bayan an ƙalubalance ta.

Baban Walid, Kaduna:
Allah Ya yi miki albarka, Zainab, kin yi adalci da kika faɗi abin da ke ciki. Amma ina da tambaya ga Anti Binta. Kowa ya ambaci littafi sai ya haɗa da ƙabilar marubucin. Shin wanda ba ɗan cikinsu ba, ba shi da izinin rubutu a kansu ne? Marubuci ai bincike yake yi.

Anti Binta, Minneapolis:
Babu dokar da ta hana, Baban Walid. Amma sun ga abin da ya sa suke bincikar mai magana da yawunsu. A 1976 an fitar da The Education of Little Tree a matsayin tarihin rayuwar wani maraya ɗan Cherokee. Ya yi kasuwa sosai, an karantar da shi a makarantu. Daga baya aka tabbatar marubucin Asa Carter ne, tsohon ɗan ƙungiyar Ku Klux Klan, mai rubuta wa 'yan wariyar launin fata jawabi, ya canza suna ya ƙirƙiri asali. Shekara da shekaru kuma littattafan da ake ji da su suna nuna 'yan asali a matsayin dodanni ko mutanen da suka ƙare. Shi ya sa a 2018 ƙungiyar masu ɗakunan karatu na yara ta cire sunan marubuciya Laura Ingalls Wilder, wadda aka soki littattafanta kan haka, daga wata lambar yabonta. Debbie Reese, 'yar Nambé Pueblo, tun 2006 take bin littattafan yara ɗaya bayan ɗaya tana nuna inda aka yi daidai da inda aka yi ƙarya. Kuskuren baƙo ba kullum mugunta ba ce. Sau da yawa ya haɗa rawar wannan ƙabila da tufafin waccan da addu'ar wata, ko ya fito da abin da su a wurinsu ba a faɗa a bainar jama'a.

Baban Walid, Kaduna:
Na fahimta. Kuma in an bi ta nan, mu ma an taɓa mu. A makarantarmu ana rubuta sunan wanda ya yi Hausa a aji, a ci shi tara ko a yi masa bulala. Har yau makarantun kuɗi da yawa haka suke yi, iyaye kuma suna murna.

Kawu Iliya, Bauchi:
Na daɗe ina karantawa ban ce kome ba, amma nan zan tsaya. Baban Walid, bulalar gaskiya ce, ni ma na sha. Sai dai kada mu yi saurin sa kanmu a sahun Cree. Kai da aka doke ka da rana, da yamma gida ka koma, uwarka ta yi maka magana da Hausa, ka kunna rediyo ka ji Hausa, ka je kasuwa Hausa. Su watanni ko shekaru suke yi ba su ga iyayensu ba, wasu ba su koma ba har abada. Wanda ya kafa makarantar Carlisle a Pennsylvania a 1879, Richard Pratt, a fili ya ce manufarsa a kashe asalin da ke cikin yaron a bar mutumin.

Abu na biyu ya fi min nauyi. A ƙasar Bauchi da Filato da kudancin Kaduna, harshen da ke haɗiye ƙananan harsuna ba Turanci ba ne, Hausa ce. Kakata da yarenmu ta rasu a bakinta. Babana yana ji yana mayarwa. Ni ina ji ba na iya mayarwa. 'Ya'yana ko gaisuwa ba su iya ba. Babu sojan da ya zo, babu wanda ya yanke mana gashi. Kasuwa ce da makaranta da auratayya da kunyar a ce maka baƙauye. Ina son Hausa, da ita nake mafarki, da ita nake rubuta muku wannan. Amma lokacin da Malama ta kawo labarin kakar da ke raɗa wa 'yan uwanta Cree a ɓoye, ba Hausa na tuna ba. Idan Bahaushe zai karanta littattafan nan, ina roƙon ya karanta yana tuna maƙwabcinsa ma.

Malam Habibu, Kano:
Kawu, maganarka ta shige ni. Bambancin harsuna aya ce daga ayoyin Allah, Alƙur'ani ya faɗa a Suratur Rum. Bai kamata shiga Musulunci ko zama cikin Hausawa ya sa mutum ya jefar da harshen uwarsa ba.

Baban Walid, Kaduna:
Na karɓi wannan, Kawu. A kan shekaru dai ina nan inda nake: ɗan shekara bakwai a fara masa da na soye-soyen, na makarantar kwanan ya biyo baya.

Malama Hajara, Zariya:
Kawu Iliya, abin da ya fi ba ni sha'awa a wajen mutanen nan shi ne ba su jira manyan kamfanoni ba. A Ostareliya 'yan asali sun kafa maɗaba'arsu, Magabala Books, a garin Broome tun shekarun 1980. Maori na Niyuzilan a 1982 suka fara buɗe gidajen renon yara inda tsofaffi ke zama da jarirai ba a magana sai da harshensu, domin sun lura iyayen tsakiya sun riga sun rasa shi, sai a haɗa kaka da jika kai tsaye. Halin gidanku ke nan. Akwai sauran tsofaffi masu yaren a garinku?

Kawu Iliya, Bauchi:
Akwai, Malama. Gwaggona tana nan da ƙarfinta, kuma ta iya tatsuniyoyi da waƙoƙin niƙa.

Malama Hajara, Zariya:
To idan ka je gida ka ɗauki muryarta a waya, ka sa ta faɗa da yaren sannan ta maimaita da Hausa. Fara da gajeru, waɗanda ba su wuce minti uku ba. Ka turo min ta akwatin sirri, ni zan rubuta ɓangaren Hausar, kai ka nemo wanda ya iya rubuta yaren a coci ko a makaranta. Akwai wata tsohuwar ɗalibata da ta iya zane, zan tambaye ta ko za ta samu lokaci a hutun nan.